Kankare folish a sake sabo ko gogen yau da kullum, wanne ya fi riƙe daɓen ma'aikata?

Maman_Ofis:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar goge-goge na manyan gine-gine ina neman shawararku. Ni aka ɗora wa kula da tsaftar wani gini mai ofisoshi a sama da ɗan asibiti a ƙasa, mutane shiga da fita tun safe har dare ba hutu. Barandojin duk tayil ɗin roba ne irin wanda ake shafa wa folish yana ƙyalli, bakin ƙofar shiga da matakala kuma tarazo, banɗakuna tayil na tangaran.

Matsalar ita ce tsakiyar baranda inda ake bi ya dushe gaba ɗaya ya koma toka-toka, gefen bango kuma ya yi wani duhu ja-ja, in kika sa farce sai ki ji abin da kauri, ga baƙin layin takalmi da na tayar turoli ko'ina. Yaran nan kullum suna mofin safe da yamma wlh ba sa wasa, ni shaida ce, amma in ka shigo sai ka rantse ba a taɓa wajen ba, kuma su ake zagi.

Toh mun kira kamfani biyu. Na farko ya ce sai an kankare folish ɗin duka har a kai ga tayil a sake shafa sabo, kuma a riƙa maimaitawa duk bayan wata uku. Na biyu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ne kawai, shi zai kawo inji mai gudu ya riƙa gogewa duk sati ƙyalli zai dawo da kanshi. Kuɗin na farko ya ninka na biyu nesa ba kusa ba kuma sai an rufe baranda dare guda, abin da mutanen asibitin ba sa so su ji ma. Oga yana jira in kai masa takarda in ce ga wanda za mu ɗauka da dalili, ni kuma bana so in zaɓi mai araha bayan wata biyu mu koma gidan jiya, bana kuma so in sa a kashe kuɗin da bai zama dole ba. Wanne ne gaskiya a cikinsu? Kuma ta yaya mutum zai gane da idonsa cewa daɓe ya wuce gogewa sai kankara? Nagode.

Mai_Inji:

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe a wannan aikin kuma maganar gaskiya duk su biyun rabin zance suka faɗa miki, kowa ya tallata abin da yake da injinsa ne.

Bari in fara da shi folish ɗin kanshi, in kika gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Ruwa ne da roba akirilik gauraye a ciki, in aka shafa ruwan ya bushe sai robar ta zauna ta zama fata siririya a kan tayil. Ki duba jikin galan za ki ga an rubuta kashi nawa ke saura bayan ya bushe, yawanci tsakanin 16 ne zuwa 25 cikin ɗari. Ana shafa shi hawa-hawa, huɗu, biyar, wani lokacin shida, kuma duk amfaninsa shi ne takalmi ya ci shi maimakon ya ci tayil ɗin, wato dama don ya ƙare aka yi shi. Abu biyu kawai ake tsaro, kar ya cinye har ƙasa a inda ake bi, kuma kar datti ya shige tsakanin hawa da hawa.

Sannan aikin ba kashi biyu ba ne yadda suka nuna miki, uku ne, na tsakiyan ne ba wanda ya ambata miki kuma shi ne ya fi ceton kuɗi.

Na yau da kullum kin san shi, a kwashe ƙura da busasshen mofa, a yi mofin da sabulu mara kaifi, lokaci-lokaci a bi da inji. Injin da mutum na biyu ke magana yana juyi 1500 zuwa 2000 a minti, wasu har sun fi haka, abin da yake yi shi ne ya lallashe ƙananan karce na saman fatar nan ta koma sumul sai haske ya dawo. Amma fa ba ya ƙara komai, ragewa ma yake kaɗan-kaɗan duk gogewa. In akwai folish mai tsafta a ƙasa zai ba ki ƙyalli har ki ga fitilun silin a daɓe, in babu folish tayil ɗin zai yi ta gurza har ya bar tabon ƙuna, in kuma folish ɗin ya riga ya sha datti to dattin zai sa wa ƙyalli kawai, ki samu daɓe mai sheƙi amma launin ƙasa-ƙasa. Ina ganin wannan sosai, mutane su ce ai yana ƙyalli, eh yana ƙyalli amma ba shi da tsafta.

Na tsakiya shi ne a wanke da inji a ƙara shafi. Ana amfani da ƙaramin inji mai juyi 175 a minti, a sa masa shuɗin soso ko kore, da sabulun wanki na daɓe, ya cire hawa ɗaya ko biyu na sama waɗanda suka sha wahala, a zuƙe ruwan da injin zuƙa, a ɗauraye, ya bushe, sai a shafa sabo hawa biyu ko uku. Na ƙasan yana nan ba a taɓa shi ba. Ba wari mai hawa kai, ba santsi mai haɗari sosai, kuma ana iya yin rabin baranda a bar rabi mutane na wucewa.

Na uku shi ne kankarewa. Nan sinadari ake zubawa mai ƙarfi sosai, pH ɗinsa, wato ma'aunin kaifin sinadari wanda 7 ne tsaka-tsakinsa, yana kaiwa 11 har 13, a bar shi ya jiƙa kamar minti 10 ba tare da ya bushe ba, ya narkar da folish ɗin duka, a bi da baƙin soso, a zuƙe, a ɗauraye sau biyu ko fiye, sannan a fara gini daga farko. Shi ne mafi tsada, mafi cin lokaci, mafi haɗari ga ma'aikata don in folish ya narke santsinsa ba a magana, kuma shi kansa tayil yana jin jiki, ruwa da sinadarin na bin tsakanin tayil su taɓa gam ɗin ƙasa, in ana yawan yi za ki fara ganin kusurwoyi na ɗagowa kuma fuskar tayil na bushewa tana ƙara shan folish. Shi ya sa maganar duk wata uku ban yarda da ita ba sam. Wajen da ake kula da shi yadda ya kamata yana shekara ba a kankare ba, wasu wuraren har biyu ko uku.

Yadda za ki gane da idonki kuwa, ki sa a zaɓi waje kamar mita ɗaya a tsakiyar baranda inda ya fi muni, a wanke shi sosai da koren soso ko da hannu ne, a ɗauraye a bar shi ya bushe. Sai ki je ki matsar da wata kabad ko firij da ta daɗe a waje ɗaya ki kalli launin tayil ɗin ƙarƙashinta, ki gwada. In wajen da aka wanke launinsa ya dawo daidai da wancan sai dai ba ƙyalli, to dattin a sama yake, wanki da ƙarin shafi ya isa. In kuma har yanzu yana nan rawaya-rawaya ko kina hango ɗigon baƙi da gashin mofa a can ciki kamar an rufe su da gilashi, to an shafa folish a kan datti, ba injin da zai fitar da shi sai kankara. Ki kuma sa gefen kwabo ki karce wancan duhun na jikin bango, in yana fitowa ɓawo-ɓawo to tarin folish ne, duk sanda aka zo shafi ana kaiwa har bango alhali ba mai taka wajen, tsakiya na cinyewa gefe na ƙara kauri.

Yadda kika kwatanta, inaga sau ɗaya dai sai kun kankare. Amma sau ɗaya, daga nan ku riƙe shi da na farko da na tsakiya.

Injiniya_Gini:

Malam Mai_Inji ya gama magana a kan robar, Allah ya ƙara sani. Ni inda zan ja hankalinki Hajiya shi ne kin lissafa daɓe kala uku amma kamfanonin sun ba ki magani kala ɗaya, wannan kaɗai ya isa ki sake zama da su.

Tarazo ba roba ba ne, tsakuwar mabul ce ko wani dutse aka kwaɓa da siminti aka goge. Ƙyallinsa na asali daga jikin dutsen yake fitowa ba daga abin da aka shafa ba. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs mabul yana wajen 3 ne, yashin da ke maƙale a tafin takalmi kuwa 7, kin ga kenan duk wanda ya shigo da yashi a ƙafa sanfefa yake ja a kan daɓen, shi ya sa bakin ƙofa ke fara mutuwa kafin ko'ina. Gyaransa na gaske shi ne a bi shi da faifan daimon hawa-hawa, in ya lalace sosai a fara daga mai kaushi kamar mai lamba 50 ko 100, a hau 200, 400, 800, har 1500 ko 3000 in ana son ya zama madubi, sannan a sa abin toshe ƙofofin dutse wanda yake shiga ciki. In karcen bai yi zurfi ba ba sai an fara daga ƙasa ba, daga 400 ma ya isa. Wannan aiki ne na shekaru ba na watanni ba don kowane zuwa ana cin jikin dutsen ne. Ana iya shafa wa tarazo folish, da yawa suna yi don ya fi sauƙi a farko, amma ki sani daga ranar kin shigar da shi layin kankara da sake shafi shi ma, kuma a matakala ni dai bana so.

Babban makashin tarazo da mabul shi ne asid. Ruwan wankin masai ɗin nan mai ƙarfi, in aka ɗiga shi a kan mabul nan take zai ci fuskar ya bar fari fat mara haske, kuma ba mofin da zai gyara sai an sake gogewa da daimon. Ki tabbatar bokiti da mofan banɗaki ba sa zuwa matakala.

Tayil na tangaran kuma kar ki yarda kowa ya shafa masa folish, ba ya sha, zai zauna a sama ne ya fara saɓulewa ga santsi in ya jiƙe. Abin da ke sa shi muni yawanci layin simintin tsakaninsa ne, buroshi yake so ba soso ba.

Sai abu biyu da nake roƙonki ki bincika kafin kowa ya zuba sinadari. Na ɗaya, ki tabbatar robar taku wace iri ce. Akwai linoliyam wanda da man ƙwayar linsid da garin katako ake yinsa, a ido yana kama da roba amma sinadari mai pH sama da 10 yana ƙona shi ya canja launi kuma ba ya dawowa, nasa maganin kankarar daban ne. Akwai kuma sabbin robobi masu zuwa da rufinsu tun daga masana'anta waɗanda ba sa buƙatar folish, baƙin soso zai lalata su ne. In akwai ragowar kwali a sito ki duba sunan ki nemi takardar kula da shi. Na biyu, in ginin tsoho ne sosai, tayil ɗin roba da yawa da aka yi kafin shekarun 1980 akwai asbestos a cikinsu, wani ma'adini mai zare-zare, musamman ƙananan nan masu inci 9, kuma ƙurarsa na jawo mummunan ciwon huhu. A Amurka hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wajen aiki ta hana a gurje irin wannan daɓen a bushe, kankara sai da ruwa da soso mara kaushi sosai kuma injin kar ya kai juyi 300 a minti, gogen ƙyalli kuma sai in akwai isasshen folish da zai hana soso taɓa tayil. Ko ba a can kike ba dokar mai hankali ce, ran yaranki ne.

Maman_Ofis:

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin da Malam ya ce, a barandar sama launin ya dawo tas bayan wanki sai dai ba haske, amma ta ƙasa wajen asibiti ko gezau, ana hango dattin a ciki yadda ya faɗa kuma gefen bango ɓawo ne ke fita. Ginin ba tsoho ba ne kuma na samu kwalin a sito, tayil ɗin roba ne na gama-gari mai son folish. Kenan sama wanki da ƙarin shafi, ƙasa kankara ko?

Wata tambayar kuma, yaran garin sabulun wanki suke zubawa a bokiti da bilic saboda asibiti, shi ma yana da matsala ne? Don in an gyara bana so mu sake kashe shi da hannunmu.

Anti_Sufabaiza:

Yar uwa ai nan ne ma gizo ke saƙar. Garin sabulu da bilic kullum a kan folish, ko wane kamfani kika kawo wata biyu ba za a yi ba zai sake dushewa. Garin sabulun wanki yana da kaifi, an yi shi ne don ya cire maiƙo a tufafi a ɗauraye shi da ruwa mai yawa, a daɓe kuma ba mai ɗaurayewa, sai ya bushe ya bar wani danƙo-danƙo, in kika taka da silifas za ki ji yana ɗan kamawa, wannan danƙon shi ke riƙe ƙurar gobe. Bilic kuma yana busar da folish ya kashe masa haske. Yaranki ba laifinsu ba ne abin da aka ba su suke amfani da shi.

Ki nemo sabulun daɓe wanda aka rubuta pH 7 ko kusa da haka, kuma a riƙa aunawa da murfi ko kofi yadda aka rubuta a jiki, banda zubawa da ido, don mutanenmu gani suke in bai yi kumfa ba bai yi aiki ba, alhali yawansa shi ke sa daɓe ya yi hazo. Ɓangaren asibiti akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi su don daɓe mai folish, marasa kaifi, ki zauna da mai kula da rigakafin cututtuka na wajen ku zaɓa tare. Bilic a ajiye shi don inda jini ko wani abu ya zuba, a yi amfani da shi a wajen kaɗai, ya yi mintunansa, a bi da ruwa.

Sannan tsarin aikin kansa. Shara kafin ruwa, kullum, ba ranar da za a tsallake. In aka sa jiƙaƙƙen mofa a kan yashi taɓo aka yi aka shafe baranda da shi. Busasshen mofa mai faɗi irin na maikurofaiba ya fi tsintsiya don tsintsiya tayar da ƙura take ta dawo ta zauna. Wajen da ake yawan bi a kwashe ƙurar sau biyu ko uku a rana, minti nawa ne, kuma ya fi mofin ɗin amfani wlh. Ruwan bokiti da zarar kin daina hango ƙasan bokitin a zubar a sake, mofa a wanke a shanya kar a bar shi kwana cikin ruwa, kuma a matse shi sosai daɓe ya bushe cikin 'yan mintuna.

Abin da na fi so ki sa a takardar oga shi ne tabarmar bakin ƙofa, ba ƙaramar nan da ake taka ta sau ɗaya a wuce ba, doguwa wadda mutum zai yi taku da yawa a kai, mita 3 zuwa 5, mai kaushi a waje mai shan ruwa a ciki, kuma ita ma a riƙa zuƙe ta kullum in ba haka ba ta cika ta koma rabon datti. Mafi yawan abin da ke cin daɓe da ƙafa yake shigowa, in kika tare shi a ƙofa kin rage wa kowa aiki. Ki duba tayoyin turoli da ƙafafun kujerun jira ma, wanda robarsa ta cire a sa masa. Kuma ƙarƙashin abin man wanke hannu na bango ki sa ɗan faranti ko ƙaramar tabarma, sinadarin alkohol da ke ciki in yana ɗiga yana cin folish ya bar fararen tabo, za ki gansu a jere daidai ƙarƙashin kowanne, aidin na wanke ciwo kuma in ya zuba a goge nan take kafin ya kama.

Dan_Kwangila_Tsafta:

Salam. Ni ina cikin masu yin aikin kankarar nan don haka bari in ɗan kare mu kaɗan, duk da na yarda wata uku ya yi yawa. Abin da nake gani a wurare shi ne an ji ana cewa kankara ɓarna ce sai a yi ta ƙara shafi a kan shafi shekara da shekaru ana gudun kashe kuɗi, ranar da aka kira mu mu tarar da hawa goma sha, sinadari ya kasa ratsawa sai mun zuba sau biyu sau uku muna bin gefe da reza a durƙushe, kuɗin ya ninka. Wanki da ƙarin shafi yana da iyaka, duk zuwa ana cire ɗaya ko biyu a ƙara biyu ko uku, lissafi ya nuna yana taruwa. Ranar kankara tana zuwa dole, abin da ake so dai a jinkirta ta da hujja ba da fata ba.

Hajiya rabon da kika yi daidai ne, sama wanki da shafi, ƙasa kankara. Amma ki tsaya a kan aikin ko ki sa wanda kika yarda da shi, don da muguwar rawa gara ƙin tashi, kankarar da aka yi rabi da rabi ta fi wadda ba a yi ba muni. Bayan sun kankare sun ɗauraye ya bushe, ki haska tocila a kwance a kan daɓen, duk inda kika ga yana ɗan sheƙi to tsohon folish ne ya saura, a koma. Ki shafa tafin hannu, in ya ɗauko farin gari sinadari bai fita ba a sake ɗaurayewa, in aka shafa sabo a kan wannan garin bayan kwana kaɗan zai fara tashi kamar hoda ko ya ƙi kamawa. Shafi kuma siriri-siriri da mofa mai tsafta wanda ba a taɓa wanki da shi ba, tsakanin hawa da hawa a ba shi aƙalla minti 30 zuwa 45, in iska na da laima ya fi haka, kuma kar a juya fanka kai tsaye a kansa don saman zai bushe cikin yana ɗanye. Masu gaggawa su kan zuba hawa biyu masu kauri su ce an gama, da safe yana ƙyalli, sati biyu ya mutu. Kuma hawa ɗaya ko biyu kawai za a kai har bango, sauran a tsaya kamar tafin hannu ɗaya kafin bango.

Ga yadda za ki kama mai ha'inci a lissafi. Lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 50 hawa ɗaya. In barandarku mita 300 ce aka ce hawa biyar, kin ga ana maganar lita 30 ko kusa, in kika ga sun shigo da galan biyu ƙanana kin san amsar. A rubuta a yarjejeniya sunan folish ɗin, kashi nawa ne ƙarfinsa wato abin da ke saura bayan ya bushe, hawa nawa, kuma galan ya zo a rufe a buɗe a gabanku. Masu aikin nan suna da wani ƙiyasi, in ƙarfinsa 25 ne hawa huɗu, in 20 ne hawa biyar, wato a haɗa ya kai ɗari.

Maganar rufe baranda kuma ba sai an rufe duka ba, a raba ta a tsaye a yi ɓari ɗaya yau ɗaya gobe, a sa igiya da allon gargaɗi, kan iyakar a bi layin tayil don kar haɗin ya fito. A buɗe tagogi, ma'aikata su sa safar hannu da tabarau da takalmi mai kama ƙasa. Kuma tunda kin ce akwai bilic a wajen dan Allah a kwashe shi daga kusa ranar, wasu magungunan kankarar akwai amoniya a ciki, haɗuwarsu da bilic na fitar da iska mai guba, a asibiti kuma ga masu ciwon ƙirji.

Mai_Inji:

Na yarda da Malam ɗan kwangila, tarin shafi ma cuta ce, shi ya sa nake ganin in za a ƙara a ƙara a inda ake bi kawai. Hajiya ƙarin abu ɗaya tunda mai inji mai gudun ma zai yi muku amfani bayan an gyara, kar ki bari ya hau sabon folish washegari, a ba shi kwana biyu zuwa uku ya gama ƙwari tukunna, kuma ki tambayi mai sayar da folish ɗin ko irin wanda ke jure inji mai gudu ne don ba duka ba ne, wasu jan soso da ƙaramin inji kawai suke so. Duk ranar gogewa a share a yi mofin ya bushe kafin inji, bayan inji a sake kwashe ƙurar da ya tayar.

Barandar ƙasa mai yawan jama'a za ta iya son inji sau ɗaya ko biyu a sati, ta sama ƙila sau biyu a wata ma ya isa, kar ki biya kuɗi ɗaya a kansu. Ranar da kika ga an goge amma hasken bai kai kwana biyu ba ya gudu, ko tsakiya ta fara bambanta da gefe, to lokacin wanki da ƙarin shafi ya yi, ki kira su a satin kar ki jira tayil ya fito. Ki samu ɗan littafi kina rubuta ranar da aka yi kowanne da hawa nawa aka ƙara a kowace baranda, in mai kwangila ya zo ya ce a kankare sai ki buɗe ku duba tare, ku sake gwajin mita ɗayan nan a gabansa.